Ƙananan Halittu Masu Gadin Shinkafa Daga Ciki

Duk manomin shinkafa, daga fadamun Argungu zuwa Kadawa, ya san baƙin cikin ganin zangarniya ta yi fari fat tun ba ta cika ido ba. Sau da yawa mai wannan ta'asa wani nau'in fumfuna ne, cutarsa kuwa masana suna kiranta bilas. Takan fara da tabo mai siffar ido a ganye, tsakiyarsa toka-toka, sannan ta kama wuyan zangarniya ta ruɓar da shi. Tsohuwar cuta ce, domin tun 1637 aka ba da labarinta a wani littafi a ƙasar Sin.

An daɗe ana yaƙarta da feshin magani, amma maganin yana da tsada, kuma yakan bar saura a jikin hatsi. A 2017 Tarayyar Turai ta tsananta dokarta a kan sauran maganin tricyclazole, abin da ya taɓa cinikin shinkafar basmati ta Indiya.

Saboda haka masana suka juya ga wasu ƙwayoyin bakteriya da suke zaune a saiwa da kara da ganyen shinkafa ba tare da sun cuce ta ba, irin su Bacillus da Pseudomonas. Aikinsu iri uku ne. Suna rigan fumfuna cin abinci, musamman sinadarin ƙarfe. Suna fid da sinadarai masu hana shi yaɗuwa. Suna kuma zaburar da shuka ta shirya kare kanta tun cuta ba ta zo ba.

A 1986 masanan cibiyar IRRI ta Filifin suka nuna cewa jiƙa iri da irin waɗannan ƙwayoyi yana rage ruɓewar kuben kara. A shekarun 1990 kuma jami'ar aikin gona ta Tamil Nadu a Indiya ta zuba su cikin farar hoda, ana cuɗa giram 10 da kilo ɗaya na iri.

Sai dai fa a lura, rayayyun halittu ne. Zafin rana da doguwar ajiya suna kashe su, kuma wanda ya yi aiki a Indiya sai an jarraba shi a ƙasarmu tukuna. Wannan nauyi ne a wuyan cibiyoyi kamar ta binciken hatsi da ke Badeggi. Kafin nan, manomi ya nemi iri mai jure cuta, ya kuma guji cika takin yuriya, domin yawansa yana ƙara wa bilas ƙarfi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.