Tsallaken Wuta a Injin Ƙaramin Jirgin Sama: Yadda Ake Gano Shi

Duk wanda ya taɓa kai babur ko janareto wurin bakanike a Gwallaga, cikin birnin Bauchi, ya san yadda inji kan yi tari da karkarwa idan filogi ya ƙi ba da wuta a kan kari. Wannan shi ake kira tsallaken wuta. Mai babur yakan sauka ya tura abinsa, amma matuƙin jirgi ba shi da gefen hanya a sararin sama. Saboda haka ne doka ta wajabta a gwada inji a ƙasa kafin tashi, ko a filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, ko a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Yadda Wutar Take

A injin ƙaramin jirgi mai amfani da fetur, kamar injin Lycoming, kowace silinda tana da filogi biyu, kowanne da hanyar wutarsa dabam, don in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe injin. Tun da can maganeto ne ke ba da wutar, shi kuwa da kansa yake samar da ita, ba ruwansa da batir. Daga baya aka fito da akwatin lantarki, irin su SureFly da Electroair, wanda kan maye gurbin maganeto ɗaya. Akwatin yana iya sauya lokacin tartsatsi gwargwadon gudun injin, yana kuma sauƙaƙa tayar da shi. Amma fa akasarinsu da wutar jirgin suka dogara.

Gwaji Kafin Tashi

Matuƙi yakan ƙara wa injin wuta, sa'an nan ya kashe hanya ɗaya ya saurara, ya mayar da ita, ya kashe ɗayar. Bisa ƙa'idar kamfanin Lycoming ga maganeto, kada gudun injin ya ragu fiye da juyi 175 a minti, kada kuma bambancin hanyoyin biyu ya wuce juyi 50. Ga abin da alamun ke nunawa:

1. In injin ya yi karkarwa, ma'aunin zafin hayaƙi kuma ya nuna silinda ɗaya ta yi sanyi, laifin na filogi ne ko wayarsa.

2. In gudun ya ragu ƙwarai amma babu karkarwa, sai a duba saitin lokacin tartsatsi.

3. In injin ya mutu ɗungum, hanyar nan duka ta ɗauke.

4. In gudun bai ragu ba ko kaɗan, wayar kashe maganeto ce mai yiwuwa ta tsinke. Wannan babban haɗari ne, gama farfela tana iya tashi da an juya ta da hannu.

Daga Ƙarami Zuwa Babba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa akwatin lantarki laifi tun da fari. Injiniya nagari da filogi yake somawa. Fetur ɗin jirgi mai lamba 100LL yana da dalma a ciki, ita kuwa takan daskare a bakin filogi, musamman na ƙasa. Sai a tsabtace shi, a auna tazarar bakinsa, a sauya masa silinda. In tsallaken ya bi shi, an kama ɓarawo. Filogin da ya faɗi ƙasa kuwa yar da shi ake yi, ko da ido bai ga tsaga ba.

Bayan haka sai wayoyi da kwayil, waɗanda zafin bazara, ƙurar hunturu da raɓar damina kan lalata. Sa'an nan a auna ƙarfin batir, a duba wayar da ke haɗe da jikin injin, a duba bututun da ke sanar da akwatin matsin iska. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a taɓa akwatin.

Jirage irin Diamond DA40 NG da Kwalejin Zariya ke koyarwa da su ba su da irin wannan filogi, don injinsu na dizal ne. Duk da haka ana gwada kwamfutocinsa biyu ɗaya bayan ɗaya kafin tashi.

Kira ga Jama'a

Ba mai ikon sa hannu a kan gyaran jirgi sai injiniya mai lasisin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, bisa littafin kamfanin da ya ƙera injin. In matuƙi ya juyo daga bakin titin tashi, kada fasinja ko mai jirgi ya matsa masa, kome gaggawar tafiyar. A ba injiniya lokaci ya kammala aikinsa. Tafiya sannu sannu kwana nesa.