Fitilun Kirsimeti A Ƙofar Gida: Don Wa Ake Kunna Su?

Da zarar watan Disamba ya kama, a ƙasashe da dama na duniya magidanta sukan ɗauko tsani su hau, su zagaye rufin gida da katanga da itatuwan farfajiya da ƙananan fitilu masu launi iri-iri. To, jama'a masu karatu, akwai abu guda da ya kamata mu lura da shi. Mai gidan da ya sha wannan wahala, da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ba ya ƙara ganin fitilun nan. Maƙwabci da mai wucewa a hanya su ne masu cin moriyarsu. Watau tun asali kyauta ce ake yi wa unguwa.

Kafin zuwan lantarki, mutanen Jamus ne suka shahara da liƙa kyandir a rassan itacen Kirsimeti a cikin ɗaki. Abin yana da kyan gani, amma yana da haɗari ƙwarai, domin haka ba a barinsa ya daɗe yana ci, kuma akan ajiye bokitin ruwa a kusa saboda gobara. A cikin Disamba na shekarar 1882 ne wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya ɗaura ƙwayayen lantarki guda 80, ja da fari da shuɗi, a jikin itace a gidansa da ke birnin New York na Amurka. A 1895 Shugaba Grover Cleveland ya sa aka yi haka a fadar White House.

Amma a lokacin sai mai hannu da shuni. A 1903, sa'ad da kamfanin General Electric ya fara sayar da fitilun a haɗe a jikin waya guda, jerin ƙwai 24 dala 12 ne, kusan albashin mako na ma'aikaci ke nan. Sannu a hankali farashi ya sauka, fitilu kuma suka fito waje. A 1923 Shugaba Calvin Coolidge ya kunna itacen Kirsimeti na ƙasa a fili a birnin Washington, da ƙwayaye 2,500. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da iyalai masu yawa suka sami gidajen kansu masu farfajiya a bayan gari, sai ƙawata gaban gida ya zama al'adar kowa. Abin ya yi yawa har a 1973, lokacin ƙarancin man fetur, Shugaba Richard Nixon ya nemi jama'a su haƙura da fitilun ado na waje domin a tsimi wuta.

Da al'ada ta bunƙasa sai gasa ta shigo. A unguwar Dyker Heights ta Brooklyn, tun wajen shekarun 1980 gidaje ke ƙure adaka, har akan kwaso 'yan kallo a manyan motoci, wasu masu gidajen kuma kamfani suke biya ya yi musu aikin. A 2013 wani magidanci a Canberra ta ƙasar Ostireliya ya shiga kundin Guinness da ƙwayaye 502,165, a 2014 kuwa wani iyali a jihar New York suka zarce shi da 601,736. Gaskiya ne waɗannan gidaje biyu sun tara wa ƙungiyoyin taimako kuɗi daga hannun masu zuwa kallo, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai ba kowa ke da irin ƙarfinsu ba, kuma wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Har wa yau akwai wuraren da al'adar ta tsaya a kan ma'anarta ba tare da kashe dukiya ba. A jihar New Mexico ta Amurka, a jajiberen Kirsimeti mutane sukan sami jakar takarda, su zuba yashi kaɗan a ciki, su kafa kyandir a tsakiya, sa'an nan su jera a bakin hanya da kan katanga. Masu yin haka suna cewa hanya suke haskaka wa Maryamu da Yusufu, waɗanda ba su sami masauki a Baitalami ba. A ƙasar Filifin kuwa tauraro ake yi da gora da takarda, ana kiransa parol, a rataye a ƙofar gida ko a taga, domin tunawa da tauraron da ya ja goran masanan nan daga gabas. A dā shi ne ke haskaka wa mutane hanya zuwa sujadar asuba ta kwana tara da ake farawa ran 16 ga Disamba. Duka biyun kayan talaka ne, kuma duka biyun baƙon da ke tafe cikin duhu aka yi dominsa.

A nan gida ma, a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, ana ganin waɗannan fitilu a harabar majami'u da gidaje. Tun da yake Kirsimeti yakan same mu cikin hunturu, lokacin da ciyawa da zana suka bushe, iska kuma tana kaɗawa, wajibi ne a yi hattara, domin gobara ba ta san iyakar katanga ba. Wanda zai sa fitila a waje ya tabbata wadda aka yi don waje ce, ya kuma duba wayar daga farko har ƙarshe, in ta ɓare a wani wuri ya yar da ita. Kada a kafe waya da ƙusa a jikin rufin kwano ko ƙofar ƙarfe, kada kuma a tara filogi da yawa a soket ɗaya. Wanda ɗan'uwa ya aiko wa fitilu daga Amurka ya karanta rubutun jikinsu tukuna, domin wutarsu volt 120 ce, tamu kuwa 230, in aka jona kai tsaye ƙonewa za su yi. Fitilun LED sun fi dacewa, saboda ba sa zafi sosai, kuma abin da suke sha bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin ƙwayaye ba. In da janareto za a kunna, to ya tsaya a waje nesa da taga, gama hayaƙinsa yana kisa cikin barci. Kafin a kwanta kuma a kashe komai. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, bari kowane magidanci ya yi daidai ƙarfinsa. Ba hikima ba ce a ci bashi domin a fi maƙwabci haske, ga kuɗin makarantar yara yana jira a Janairu. Jeri ɗaya a bisa ƙofa ya isa ya nuna cewa gidan nan ana murnar haihuwar Yesu Almasihu. In kuwa hasken ya jawo yaran unguwa suka taru suna kallo, Kirista ne ko Musulmi, to a buɗe musu ƙofa, a miƙa musu shinkafa da cincin, gama dama dominsu aka kunna. Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya.