KARIYAR SAMAN MOTA: A DUBA ƘARFE KAFIN A BIYA KUƊI

A wannan fitowa muna so mu ja hankalinku kan wani abu da muke rainawa, wato sandunan ƙarfen nan da ake gittawa a saman Hilux ko Land Cruiser a ɗora kariya a kai.

Dalili kuwa, da daminar bara muna dawowa daga karar Gushegu, sanda ɗaya ta karye mana a kan gargada. Buhunan gishiri da safaya taya suka zubo, saura ƙiris su danne wani mai babur da ke bayanmu. Da muka duba, fenti yana nan lafiya lau, amma cikin bututun tsatsa ta cinye shi sai ɓawo. Da an yi asarar rai, haƙƙin a wuyanmu yake.

Motar falke ba irin ta ɗan ofis ba ce. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa na dukanta a Tamale. Da hunturu ƙura ta kankare mata fenti. In mun gangara Tulaku a Ashaiman, iskar teku mai gishiri ta same ta. Ga kuma gishiri da kanwa da muke ɗorawa da hannunmu, su ne manyan abokan gaban ƙarfe.

Ƙarfen da ake samu iri huɗu ne. Na farko baƙin ƙarfe mai fenti. Shi ya fi araha, kowane mai walda zai gyara shi ko a ƙauye, amma da zarar fenti ya ɗaye, tsatsa ta shiga. Na biyu galbanaiz, wanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, irin bututun famfo. Ko ya ƙarzu, tutiyar ce take fara lalacewa kafin ƙarfen. A ganinmu shi ya fi dacewa da aikinmu. Na uku alminiyam. Ba ya jan tsatsa, ba shi da nauyi, sai dai in ya tsage a daji ba kowa ke iya waldarsa ba. Na huɗu sitenles, mai kyau ne ƙwarai, amma sai mai hali.

To yaya za a gane? Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. In mai kaya ya ce alminiyam ne, ka manna. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa fentin azurfa. Sannan ka leƙa bakin bututu ka ga kaurinsa, kada ƙyalli ya ruɗe ka.

In kuwa za a ƙera maka ne, a nan Tamale ko a Suame Magazine ta Kumasi, ka tsaya a kai. Wutar walda tana ƙone tutiya, saboda haka duk mahaɗa sai an goge an shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin fentin sama. A toshe bakin bututu, a huda ƙaramar ƙofa ta ƙasa don ruwa ya fita. In sandar alminiyam ce, noti kuwa na ƙarfe, a sa roba a tsakani, don in sun haɗu da danshi alminiyam ɗin ne yake cinyewa.

Game da lodi, rufin yawancin motocin nan kilo 75 zuwa 100 yake ɗauka a kan tafiya, har da nauyin kariyar kanta. Buhu biyu masu kilo hamsin-hamsin, in an haɗa da nauyin kariyar, sun wuce ma'auni. Ka duba littafin motarka. Gishiri a shimfiɗa masa tamfol, ko a sa shi a bodi. Yaran mota kuwa kada a bar su su hau sama, amana ce iyayensu suka ba mu.

Duk dawowa daga Kudu a wanke kariya da ruwan daɗi, a ɗaure notuna, a shafa musu giris. Rigakafi dai ya fi magani, kuɗin sanda mai kyau bai kai kuɗin maraƙi ɗaya ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.