Gudun motsa jiki: yadda sabon shiga yake koyo cikin ƙungiya

Idan aka ga magidanci ɗan shekara 45 yana gudu a bakin hanya da sassafe, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko lafiya. Yaro ya yi gudu bayan awaki, ɗan lakwal ya yi a filin wasa, ba mai cewa komai. Amma da mutum ya sami biro da kujera da abin hawa, sai gudu ya zame masa abin kunya, alhali kuwa a shekarun nan ne teɓa da hawan jini da ciwon suga suke samun wurin zama a jiki.

Mutanen birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan ma haka suke kallon abin kafin shekara ta 1962. A birnin akwai wani mai horar da ƴan gudu, sunansa Arthur Lydiard, wanda ya yi aiki a masana'antar takalma. A wasannin Olimpik na Roma a 1960, almajiransa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci zinariya rana ɗaya, ɗaya a gudun mita 800, ɗaya a mita 5000. Bayan wannan nasara, a 1962, shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar gudu wadda ba ruwanta da gasa. Magidanta ne masu ƙiba suke haɗuwa kowace Lahadi da safe, har da waɗanda suka taɓa ciwon zuciya, a zamanin da likitoci suka fi umurtar irin waɗannan marasa lafiya da hutu. Ƙa'idarsa ita ce mutum ya horar da jikinsa ba tare da ya azabtar da shi ba.

A ƙarshen wannan shekara wani baƙo ya zo daga Amurka, Bill Bowerman, babban mai horar da ƴan gudu na jami'ar Oregon, yana da shekara 51. Aka gayyace shi fitar Lahadi, ya amsa, yana ganin ai wannan sana'arsa ce. Ba a yi nisa ba aka fara hawan tudu, numfashinsa ya sarƙe, jama'a suka wuce suka bar shi. Mutum ɗaya ne ya rage tafiya ya jira shi, wani dattijo mai shekara sama da 70 wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa, ya raka shi sannu a hankali har suka koma. Abin ya yi wa Bowerman ciwo ƙwarai. Sauran makonnin da ya yi a ƙasar bai daina fita gudu ba, da ya koma garinsu Eugene kuma a 1963 ya kira mutanen gari su zo su gwada. Cikin ƴan makonni taron ya wuce mutum dubu, har ya ji tsoron kada wani ya faɗi a hannunsa, ya nemi taimakon likitoci. Littafin da ya rubuta tare da likitan zuciya Waldo Harris, mai suna Jogging, ya fito a 1967, an sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Abin da ya sami Bowerman a kan tudu shi ne yake samun kusan duk sabon shiga. Yakan tashi da ƙarfi kamar yadda ya saba yana yaro, bayan minti 3 ya tsaya yana haki, ya koma gida ya ce gudu ba nasa ba ne. Wanda ya daure kuma akwai tarko na biyu a gabansa. Zuciya da huhu suna sabawa cikin ƴan makonni, amma jijiyoyi da ƙasusuwa da gaɓoɓi suna bukatar watanni. Sai mutum ya ji numfashi ya samu, ya ƙara nisa da sauri a lokaci ɗaya, ƙwauri ko gwiwa ko agara su kama ciwo, ya kwanta.

Saboda haka ne ƙungiyoyin kirki suke fara wa sabon shiga da haɗa gudu da tafiya. Wani tsari sananne da Josh Clark ya fitar a 1996 yana farawa da gudun minti 1 da tafiyar minti 1 da rabi, ana maimaitawa har minti 20, sau 3 a mako, da ranar hutu a tsakani. Cikin mako 9 ana nufin mutum ya iya minti 30 ko kilomita 5 bai tsaya ba. Ma'aunin sauri kuwa ba ya bukatar agogo. Idan mai gudu yana iya hira da na kusa da shi, tafiyarsa daidai take, idan magana ta gagara ya yi sauri da yawa. Nan ne amfanin ƙungiya ya fi fitowa, domin wanda yake gudu shi kaɗai ba shi da abokin hirar da zai auna kansa da shi, ba shi kuma da wanda zai jira shi a ƙofa ranar da ƙyuya ta zo. Ƙungiyar parkrun, wadda ta fara a London a 2004 da ƴan gudu 13, ta mayar da aikin dattijon Okland doka: a kowace fita akwai wanda aka ɗora wa tafiya a bayan kowa, don kada sabon shiga ya zama na ƙarshe.

A ƙasarmu akwai abin da mutanen Okland ba su sani ba, wato zafi. A watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a Yamai da Tawa, don haka lokacin gudu shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, ko kuwa daf da magariba, kuma a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Lokacin hunturu ƙura tana tayar wa masu asma ciwo. Wanda ya wuce shekara 40 bai saba motsa jiki ba, ko mai hawan jini ko suga, ya fara zuwa likita a auna shi. Wanda ya ji nauyi a ƙirji ko jiri yana cikin gudu, ya tsaya nan take, kada ya sake fita sai likita ya duba shi.