Gaskiya ko Jita-jita: Ogan Mai Bututu da Masu Kaɗa Shi

Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar majami'a a Turai, ko babban cocin Anglikan da ke Marina a Legas, ya ga bututan ogan jere a bango. Maganganu sun yi yawa a kan wannan abin kiɗa, kuma da yawansu na buƙatar gyara.

An ce ogan babban fiyano ne kawai. Jita-jita ce. A cikin fiyano 'yan guduma ne ke bugun tsirkiya, shi kuwa ogan da iska yake aiki. Kowane bututu sarewa ce mai murya ɗaya tak, kuma kafin zuwan lantarki sai an sa ƙarti suna zuga masa iska kamar zugazugin maƙera. Saboda haka danna madanni da ƙarfi ba ya ƙara amo. Makaɗi yakan jawo wasu maɓallai ne da ke buɗe wa rukunin bututu hanyar iska, ƙafafunsa biyu kuma suna kaɗa nasu jerin madannan a ƙasa.

An kuma ce a coci aka ƙirƙiro shi. Nan ma ba haka ba ne. Wani injiniya Bagirke mai suna Ktesibios ne ya ƙera shi a Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ruwa ke daidaita matsin iskar. Rumawa sun riƙa kaɗa shi a filayen wasanni. A shekarar 757 sarkin Rum ta Gabas, Constantine na Biyar, ya aika wa Pepin, sarkin Faransawan wancan zamani, da ogan a matsayin kyautar sarauta. Sai wajen ƙarni na 10 ya fara samun gindin zama a majami'un Turai. Ko a yau, ogan mafi yawan bututu a duniya, mai fiye da 33,000, yana wani zauren taro ne a Atlantic City ta Amurka.

Maganar da ta fi damuna ita ce wadda ake cewa makaɗin ogan ba shi da aiki sai ran Lahadi. Wannan rashin adalci ne ga sana'ar. A dubi makaɗin ogan nan na Jamus, Johann Sebastian Bach. A 1705, yana ɗan shekara 20, ya taka da ƙafa kimanin kilomita 400 daga Arnstadt zuwa Lübeck don ya saurari gwanin zamaninsa, Buxtehude. Hutun mako huɗu aka ba shi, ya yi kusan wata huɗu, ya dawo ya sha faɗa wajen hukumar coci. Da ya zama shugaban mawaƙa a Leipzig a 1723, yana koyar da yaran makaranta, yana horar da mawaƙa, yana kula da waƙar manyan majami'un birnin, a shekarunsa na farko kuma kusan kowane mako sai ya tsara sabuwar waƙa. Ga jana'iza, ga ɗaurin aure, kuma daga nan ne kaso mai tsoka na abin da yake samu ke fitowa. A 1730 har takardar koke ya rubuta wa majalisar gari kan ƙarancin mawaƙa da makaɗa. Abin tausayin ma shi ne ba a waiwaye shi da aikin na Leipzig ba sai da ya tabbata cewa wasu gwanayen kiɗa biyu, Telemann da Graupner, ba za su karɓi aikin ba.

Sana'ar Turawa ce zalla? A'a. Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya yi koyo a hannun makaɗin ogan T.K.E. Phillips a babban cocin Legas, ya tafi Landan, a 1943 kuma ya samu babbar shaidar ƙwarewa ta Royal College of Organists. Ya tsara kiɗan ogan a kan karin waƙoƙin Yarabawa.

Abin da ake faɗa na cewa ogan na da wuyar kulawa kuwa gaskiya ne. Na Notre-Dame a Faris, mai bututu wajen 8,000, ya tsira daga gobarar 2019, amma ƙurar dalma ta lulluɓe shi. Sai da aka kwance bututan ɗaya bayan ɗaya aka goge su, kuma ba a sake kaɗa shi a bainar jama'a ba sai a Disamban 2024.