3.4 Ƙara Wa Kwamfutar Tafi-da-gidanka Ƙwaƙwalwar Aiki

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi domin magance nawar kwamfutar tafi-da-gidanka, wato ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM. Sai dai kafin nan ya kamata a bambanta ta da faifan ajiya, domin sau da yawa akan haɗa su a kira su da suna guda. Faifan ajiya shi ne inda bayanai ke zama dindindin ko da an kashe kwamfuta. Ita kuwa ƙwaƙwalwar aiki, a cikinta ake ɗora duk abin da ake aiki da shi a daidai wannan lokaci, kuma da zarar wuta ta ɗauke sai ta wofinta. Za a iya kwatanta faifan da rumbu, ita kuma da ƙwaryar da ake ɗebo hatsin daka. Idan ƙwaryar ƙarama ce, mai daka za ta ɓata lokacinta wajen kai-da-kawo tsakanin turmi da rumbu.

Haka abin yake a cikin kwamfuta. Idan manhajojin da aka buɗe suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar, sai Windows ta ware wani yanki na faifan ajiya ta riƙa juye rarar a can, tana ɗebowa idan an buƙata. Da yake faifan bai kama ƙafarta a sauri ba, sai a ga kwamfutar tana sandarewa. Ke nan, ƙarin ba ya sa wa furosesa gudu ko kaɗan. Wannan zirga-zirga kawai yake ragewa. Saboda haka kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta cika, ba abin da ƙarin zai tsinana mata. A ganin mai wannan nazari, nan ne mafi yawan masu saye ke yin asarar kuɗinsu. Abin da ya dace shi ne a buɗe Task Manager a lokacin da ake tsakiyar aiki a duba. Idan ƙwaƙwalwar ta kusa cika, to ƙarin zai yi amfani. Idan kuwa da sauran fili amma faifai ne ke fama, sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD ya fi alheri.

Dangane da yawan da ake buƙata, Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta amincewa da ƙasa da giga 4, wannan kuwa mafi ƙaranci ne kawai. Ɗalibin da zai buɗe Word da shafukan intanet masu yawa a lokaci guda zai fi samun sauƙi da giga 8. Akwai kuma wata iyaka da ake mantawa da ita: Windows mai tsarin bit 32 ba ta iya amfani da fiye da giga 4, ko nawa aka saka mata, har sai an sauya ta da mai bit 64.

Babbar matsalar ita ce dacewa. Ƙwaƙwalwar irin wannan kwamfuta ɗan siririn allo ce da ake kira SO-DIMM, kuma iri-iri ce. DDR3 ta bayyana a 2007 da haƙora 204, DDR4 a 2014 da haƙora 260, sai DDR5 mai haƙora 262. Kowace an yi mata tsaga a wuri daban a tsakanin haƙoran, ta yadda ba za ta shiga gurbin wata ba, wanda ya danna da ƙarfi kuwa sai dai ya karya. Inda aka fi faɗawa tarko shi ne tsakanin DDR3 da ƙanwarta DDR3L, domin gurbinsu ɗaya ne, amma ta farko tana aiki da bolt 1.5, ta biyun kuwa 1.35. Kwamfutocin tafi-da-gidanka masu furosesar Intel zubi na huɗu, na shekarar 2013, DDR3L suke buƙata, kuma har yanzu ana cin karo da irinsu a cikin kwamfutoci na hannu. Idan aka saka musu ta farkon, tana iya zama daram a gurbi amma kwamfutar ta ƙi tashi. Takardar da ke manne a jikin allon ita ke raba gardama: PC3 na nufin DDR3, PC3L kuma DDR3L. Har ila yau, idan aka haɗa alluna biyu masu gudu daban, duka biyun za su koma gudun mai nawar.

Ba kowace kwamfuta ce ke karɓar ƙari ba. A yawancin sirara na zamani an like ƙwaƙwalwar da dalma a jikin babban allo. Misali, MacBook mai furosesar M1 da Apple ya fitar a 2020, abin da aka saye ta da shi, da shi za ta ƙare. Don haka sai an duba littafin kwamfutar an san yawan gurabenta da iyakar abin da take ɗauka kafin a tafi kasuwa.

Shi kansa aikin sakawar ba shi da wuya. Akan kashe kwamfutar, a zare caja, a cire batir ko a raba wayarsa da allo, sa'annan a kwance murfin ƙasa da sukudireba. Akan riƙe allon ta gefe-gefe, a zura shi a karkace tsagar na daidai da ta gurbin, a danna shi ƙasa har maƙallan gefe biyu su kama. Amma a lura, lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, irin wanda ke yin tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, yana iya lalata allon ba tare da an ga alama ba. Wannan ya fi yawa a lokacin hunturu saboda bushewar iska, shi ya sa ake so mai aikin ya fara taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa. Bayan an mayar da murfi an kunna, sai a koma Task Manager a tabbatar kwamfutar ta ga adadin da aka saka. Idan fuskarta ta tsaya baƙa, galibi allon ne bai zauna sosai ba, sai a zare shi a sake zurawa.