Yadda ƙumba ta koma tekun ƙanƙara

Wanda ya bar Aderbissinat ya yi kudu kan hanyar Damagaram, in ya shiga ƙasar Damargu wajen Tanut, yana iya tsintar dutse a nannaɗe kamar ƙahon rago. Ɓawon wata halittar teku ne. Wajen shekara miliyan 90 da suka wuce duniya ta yi zafi, teku ta malalo ta rufe yankin, masu ɓawo suka biyo ta. Farar ƙasar da ake siminti da ita a Kalambaina ta Sakkwato ma irin wannan teku ce ta bar ta.

Yau ana ganin makamancin haka a can ƙuryar arewacin duniya. A 2004 masu bincike suka tarar da ƙumba mai rai a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, bayan rabonta da wurin ya kai shekara 1,000. Ƙumba ita ce halittar nan mai ɓawo biyu, 'yar'uwar ta kogi wadda ake kankare tukunya da ɓawonta.

To, yaya ta je, ita da ba ta iyo? Babba dai maƙale take da dutse ta wasu zarurruka masu ƙarfi. 'Ya'yanta ne matafiya. Takan zuba ƙwai a ruwa, su ƙyanƙyashe 'yan mitsi-mitsi, su yi makonni ruwa yana yawo da su. Akwai kuma ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga Atlantika ta gaɓar Norway, shi ke kwasarsu zuwa arewa. A da, wanda ya isa sanyi ne ke kashe shi, ko ƙanƙara ta goge shi daga kan dutse. Amma tun 1979 yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Makiyayin Aderbissinat ya san irin wannan lissafi: hanyar Ingal tana nan rani da damina, amma sai ciyawa ta fito ake kai garke.

Baƙuwar ba ta samu wurin zama lafiya lau ba. Ruwan sanyi ya fi shan iskar kabon, kuma in ya sha sai ya ƙara tsami, gina ɓawo ya yi wuya. Abin da ya fi damuna shi ne saurin lamarin, domin halittun da suka saba da sanyi ba su da wata arewar da za su matsa.

Kudu ma an fara gani: a 2019 an samu ƙananan ƙumba a wani tsibiri na Antatika, kuma ana kyautata zaton jiragen ruwa ne suka ɗauko su daga Kudancin Amurka.